Tururuwa a Cikin Tangaran

Garwa, 11 ga Muharram

Da sunan Allah. Daga goggonki Dudu zuwa ga 'yata Astajam a Maiganga. Aminci ya tabbata gare ki, da mijinki Hamajoda, da surukarki, da baƙon da ya sauka a gidanku. Mu nan lafiya, sai godiya. Bappanki yana nan yadda kika bar shi. Hannun dama da ƙafar ba su dawo ba, amma baki ya ɗan saki, har yana iya yi mini faɗa idan kunu ya huce.

Ranar Talata Malam Bakari mai motar shanu ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga murya, "Goggo, fito da goro, an samu makiyayi!" Na fito ba takalmi. Ya ce namiji ne, kuma kin sauka lafiya. Na koma ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Asta, haihuwar fari a gida ake yi. Na share ɗakin da na raine ki a ciki tun rasuwar mahaifiyarki, na tara itacen wankan jego har ya kai rabin katanga, sai ga shi ungozoma ta hana ki hawa mota. Ni kuma ba ni da wanda zan bar wa Bappanki ko na wuni ɗaya, ba ya yarda kowa ya juya shi sai ni. Itacen yana nan, ruwan sama yana ta dukansa. Na ji an ce surukarki ta taso daga ruga ta zo ta zauna da ke. Allah ya saka mata. Ki riƙe ta kamar yadda za ki riƙe ni, ko fiye.

Ga man kaɗe, da kanwa, da yajin jego, da zane biyu. Ɗayan tsoho ne, na zaɓe shi don laushinsa, ki riƙa shimfiɗa wa yaron.

Ki rubuto mini da hannunki. Nono ya zo? Yana kamawa? Kina cin abinci?

Goggonki,
Dudu

Maiganga, 20 ga Muharram

Zuwa ga Goggo, tare da gaisuwa da girmamawa. Ina fata kina lafiya, da Bappa da jiki. Ki ce masa na gaishe shi, kuma ya rage yi miki faɗa.

Saƙo ya iso, na gode. An yi suna lafiya, an yanka rago, maƙwabta sun cika gida. Sunan kuwa Malam Bakari zai faɗa miki, kin san ba zai fito daga alƙalamina ba. Kwana biyu bayan suna mai gidan ya tafi daji, an tura su allurar shanu wajen iyaka, sai sun gama zagaye zai dawo. Daga ni sai Dada, surukata. Tana ƙoƙari ƙwarai. Ita ke dafa ruwan wanka safe da yamma, kuma ba ta yarda in ɗaga ko tsintsiya.

Nono ya zo a rana ta uku, ya zo da yawa. Mutumin nan yana sha. Yana da ƙarfin baki. Dada ta ce gadon gidansu ne, wai ubansa ma sai da aka shafa maɗaci kafin ya saki. Yanzu na hagu nake ba shi, na dama yana hutawa. Dada takan zauna kusa da ni idan yana sha, ni kuma sai in juya fuskata bango har ya gama.

Ruwa ake yi kullum, tsummokinsa ba sa bushewa, sai mun shanya su a kan murhu, duk suna warin hayaƙi. Ki gafarce ni da gajeren rubutu, hannuna ba ya son ɗaguwa kwanakin nan.

'Yarki,
Astajam

Garwa, 26 ga Muharram

Zuwa ga 'yata Astajam. Aminci gare ki da mutanen gidanku. Muna lafiya. Malam Bakari ya faɗa mini sunan, Allah ya raya Sa'adu, ya sa mahaddaci ne.

Na karanta wa Bappanki takardarki sau biyu. Da na zo inda kika ce kina juya fuska bango, sai da na tsaya na share ido. Na ce masa, ka ji 'yar da na raina. Yaran yanzu sai ka ga mace tana wasa da ɗan farinta a gaban suruka, tana kiran sunansa kamar a kasuwa. Ke kuwa kin riƙe kunyar gidanmu a garin da ba mai ganinki. Bappanki ya gyaɗa kai, ya ce wani abu da ban gane ba, amma na san yabo ne.

Kada ki bar na dama ya daɗe yana hutu, ki riƙa canja masa. Ɗan zafin farko kuwa kowace mace ta sha shi, ba abin faɗa ba ne, da kansa yake wucewa. Abu ɗaya nake roƙonki: kada surukarki ta ji ƙorafi daga bakinki. Ta bar shanunta da damina ta zo dominki. Ki yi haƙuri irin wanda na san ki da shi.

Ki riƙa shan kunun kanwa da zafinsa.

Goggonki,
Dudu

Maiganga, 9 ga Safar

Goggo, ina gaishe ki, ina gaishe da Bappa. Ba zan ce muna lafiya ba, don ke kika koya mini kada in rubuta abin da ba haka yake ba.

Takardarki ta iso tun kwana goma. Na ɗauki alƙalami sau uku ina ajiyewa. Kin yabe ni a kan abin da ban yi ba, kin kuma ce kada in yi ƙorafi, sai na rasa ta inda zan fara.

Goggo, ba kunya ce ta juya mini fuska ba. Hawaye nake ɓoyewa. Tun rana ta huɗu kan nonon ya tsage, duka biyun. Idan ya kama, ji nake kamar an sa reza ana ja a hankali, har yatsun ƙafata suna naɗewa. Gefen mayafina duk ya huje don cizo. Na daman da na ce yana hutawa, jini yake yi. Da na daina ba shi sai ya cika ya yi tauri, ya yi ja ta gefen hammata, ko riga ba na so ta taɓa shi. Da na ji motsin yaron zai farka sai gabana ya faɗi. Ɗana nake tsoro, Goggo.

Ranar Alhamis waccan ya yi tumbuɗi da ɗan jini a ciki. Dada ta gani. Ta ce, "Ke 'yar nan, tatso mini in gani." Na tatsa a kofin shayin mai gidan, na gilashi. Ta fita tsakar gida ta kamo tururuwa ta jefa a ciki, ta ce idan ta fita nonon lafiya, idan ta mutu ya ɓaci. Muka zuba ido. Ta yi ta zagaye, ta kama gefe ta zame, ta sake kamawa ta zame, har ta daina motsi. Dada ta ce, "Na faɗa a raina. Wannan guba kike ɗura masa. Daga yau kada ya ƙara kamawa." Yanzu madarar shanu take ba shi da cokali, a surka da ruwa.

Ga abin da ya fi yi mini nauyi, ban faɗa wa kowa ba. Da tururuwar ta mutu na ji daɗi. Na ce a raina, na huta. Ranar na yi barci kamar gawa.

Yau kwana shida. Tun shekaranjiya yake zawo. Kukansa ya canja, ya zama siriri, wuyan hannunsa da ya fara yin guru ya saki. Ni kuma zazzaɓi da rawar sanyi. Ina tatsa ina zubarwa a bayan ɗaki don in samu sauƙi, in tsaya ina kallon ƙasa tana shanyewa, shi kuma yana ciki yana kuka. Mai gidan bai dawo ba, an ce ruwa ya cinye musu hanya.

Ban san abin da nake so ki ce mini ba. Na gaji ne kawai.

Astajam

Garwa, 13 ga Safar

Asta, 'yata. Aminci gare ki. Ba zan tsawaita gaisuwa ba. Ban jira Malam Bakari ba, na ba wani direba da zai tashi yau takardar nan, na haɗa shi da Allah ya sa ta a hannunki.

Ki yafe mini. Kin rubuta mini ciwonki a fili, ni kuma na karanta abin da nake so in gani. Na sake ɗauko takardar, ga shi nan, har da hannun da ba ya son ɗaguwa. Ban san inda idona yake ba.

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa miki ba. Kin taso kina jin ana cewa Goggo Dudu ba ta taɓa haihuwa ba, ban kuma gyara wa kowa ba. Na haihu, sau ɗaya, shekara ashirin da bakwai ke nan. Namiji. Nawa ma ya tsage kamar naki, na yi shiru kamar yadda na ce ki yi. Tsofaffin gidan suka ce a gwada. Ni da hannuna na ɗauko tangaran ɗin aurena mai zanen fure shuɗi, don ban ga ya dace in miƙa wa manya tsohon ƙoƙo ba. Tururuwa ta mutu. Aka raba shi da nono, aka koma madara. Ni ma na ji daɗin nan da kika ji, Asta, har na gode wa Allah a ɓoye. Ya yi kwana goma sha tara bayan haka. Ajali ne, ban taɓa musun wannan ba. Amma shekara ashirin da bakwai ina ɗauke da cewa jikina ne ya ɓata abincin ɗana.

Jiya da na gama karanta takardarki, maganar zamewar nan ta tsaya mini a rai. Kin ce ta kama gefe ta zame. Tawa ma haka ta yi, ina ganinta har yanzu. Na buɗe akwati na fito da tangaran ɗin. Na shiga gidan Didi, maƙwabciyarmu mai tagwaye, waɗanda ko ɗaga su ba na iya yi don ƙiba, na roƙe ta ta tatso mini kaɗan. Ta ce, "Goggo, ko Bappa za a mayar kan nono?" Na ce ke dai ba ni. Na raba biyu, rabi a tangaran, rabi a ƙoƙo, na jefa tururuwa a kowanne. Ta cikin ƙoƙo ta yi iyo ta kama gefe ta haye, ta tsaya tana share ƙafafu. Ta cikin tangaran ta mutu. Nono ɗaya, mace ɗaya. Na sake da madarar shanu, haka. Na sake da ruwan randa, haka. Santsi ne, Asta. Ba nonona ba ne, ba naki ba ne. Santsin kwano ne.

Na zauna a ƙasa a tsakar gida har Bappanki ya gaji da kira. Tururuwa uku na kashe, halittar da aka hana mu kashewa, wadda Allah ya ba sura guda da sunanta. Ina neman gafararsa.

Yanzu ki saurare ni. Kada ki ce wa surukarki ta yi kuskure, abin da ta gada ta yi, kuma don son jikanta. Ki durƙusa ki ce, "Dada, goggona ta ce a gidanmu a ƙoƙo ake gwadawa, irin na iyaye." Na auna maganar nan sosai don kada in sa ki ƙarya. Daga jiya, a gidanmu a ƙoƙo ake gwadawa. Ki nemi tsoho mai kaushi, ki tatsa kaɗan, kada ya yi zurfi. Idan ta fita, shi ke nan. Idan kuma ba ta fita ba, ki ba shi duk da haka, laifin a wuyana, ni zan amsa a gaban surukarki da gaban Allah.

Kuma a ranar, ba washegari ba, ki goya shi ki tafi asibiti wajen ungozomar da ta karɓe shi, ko Hamajoda ya dawo ko bai dawo ba. Zawon jariri ba ya jira, ja da zazzaɓin nan naki ma ba na man kaɗe ba ne. Ki buɗe mata ki nuna mata, ki faɗi ciwon da bakinki.

Abin da na koya a ɗakunan jegon mutane kuma ga shi. Ki gasa da tsumma mai ɗumi kafin ki ba shi, ki tatsa kaɗan ya yi laushi. Kada ki miƙa masa kan kawai. Ki shafa a leɓensa ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi jikinki ya cika baki har da baƙin da ke kewaye. Idan ya kama, ki fara Fatiha da ka, mai jego tana iya wannan, na tambaya tuntuni. In kin kai ƙarshe zafin bai sauka ba, bai kama daidai ba, ki sa ƙaramin yatsa a gefen bakinsa ki cire shi ku sake. In ya gama ki shafa ɗigon nonon a kan tsagar, ki bar iska ta bushe shi.

Kuma ki yi kuka, ko a gaban wa.

Dudu

Garwa, 25 ga Safar

Asta, aminci gare ki. Kwana goma sha biyu shiru. Malam Bakari ya ce motarsa ta kafe a laka, bai kai Maiganga ba. Ban sani ba ko takardata ta same ki, ko ta same ki a makare, ko kuma fushi kike da ni, kina da gaskiya in haka ne. Duk wanda ya yi sallama a ƙofa sai in fito da gudu ina zaton saƙonki ne. Ko layi ɗaya ne, ko mene ne a ciki, ki rubuto.

Goggonki

Maiganga, 29 ga Safar

Zuwa ga Goggo, da gaisuwa mai yawa, ke da Bappa. Yana nan da rai. Na fara da wannan don ki zauna ki karanta sauran.

Ba fushi nake ba. Kwana shida muka yi a asibiti, da muka fito kuma babu mota.

Takardarki ta iso da hantsi. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Na je na durƙusa na faɗa wa Dada yadda kika ce. Ta dube ni ta ce, "Goggon taki ta fi ni sanin nono ne? Ni da na shayar da tara?" Can sai ta ce, "Amma dai gaskiya ni ma kofin nan bai kwanta mini ba. Abin da ake shan shayin Nasara a ciki." Ta kwance ƙoƙonta na fura da ta zo da shi daga ruga.

Goggo, ban taɓa yi wa wata halitta addu'a kamar yadda na yi wa tururuwar nan ba. Ta zagaya sau biyu, ta kife, na ce shi ke nan. Sai ta kama gefe ta haye, ta sauka a hannun Dada ta cije ta. Dada ta yarfe hannu ta ce, "Kai, 'yar banza, da ƙarfinta ma! To me kike jira? Ɗauki mijina ki ba shi, kin bar shi ya zama kamar kara."

Ya manta kamu. Ya yi ta juya kai yana kuka, sai a karo na biyar ya kama. Na ƙwalla ƙara, ban juya bango ba. Dada ta tsaya tana kallona, ta kalli nonon da kyau, karo na farko. Ta ce, "Haka yake tun yaushe?" Na ce tun rana ta huɗu. Ta ce, "Kuma kika yi shiru? Ke wace irin Bafillatana ce, har kin fi mu?" Ita ta goya shi zuwa asibiti, ina bin ta a baya ina dafa bango.

Shi an ba shi ruwan gishiri da sukari, zawon ya tsaya a rana ta uku. Ni na daman ya riga ya tara ruwa, sai da aka tsaga aka matse. Ba zan ba ki labarin wannan ba. Ungozomar ta yi mini faɗa kamar ta doke ni, sannan ta zauna ta gyara mini riƙo, kusan yadda kika rubuta. Na daman yanzu kaɗan yake kawowa, ta ce wataƙila ya dawo, wataƙila sai haihuwa ta gaba. Na hagun ne ke ɗauke da mu duka.

Har yanzu da ciwo. Ranar farko na gama Fatiha na kama Tabaraka ban ji sauƙi ba, mun sake kamu ya fi a ƙirga. Yanzu kafin in kai rabin Fatiha ya sauka. Ba na barcin kirki, ƙashin bayana kamar an sara. Amma jiya na ga gurun hannunsa ya fara dawowa. Mai gidan ya dawo ya tarar an gama komai, yana ta tambaya, Dada ta ce masa ya koma wajen shanunsa.

Goggo, na yi ta tunanin yayana da ban san da shi ba. Ba ki faɗi sunansa ba. In ba zai yi miki nauyi ba, ina so in sani, in riƙa sa shi a addu'a.

'Yarki,
Astajam

Garwa, 5 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga 'yata Astajam. Aminci gare ki, da Hamajoda, da Sa'adu, da surukarki, ki gaishe ta gaisuwa ta musamman, ki ce na gode da goyo. Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na ajiye takardar, sai bayan la'asar na iya ƙarasawa.

Mu muna nan. Bappanki ya sami sabon abin yi mini faɗa: kullum da safe ina zuba ɗan tsaki a bakin ramin tururuwa a gindin katanga, yana gani ta taga, yana cewa na haukace. Ban yi masa bayani ba. Tangaran ɗin na wanke na mayar akwati. Na so in fasa, sai na ga ba shi da laifi.

Kada ki daina ba shi na daman ko kaɗan ne, in ungozoma ta yarda. In zazzaɓi ya dawo, ki koma a ranar. Ki kwanta duk lokacin da ya kwanta, wanki ya jira.

Kin tambayi suna. Da yana raye ban kira shi ba, ɗan fari ne, ina jin kunyar manya, ina cewa akwai lokaci. Da ya tafi kuma babu wanda ya sake ambatonsa, ni ma ban fara ba. Na daɗe da alƙalami a hannu kafin in rubuta wannan.

Sunansa Hayatu.

Naki kuma, ban ce ki kira shi a gaban mutane ba. Amma idan ya kama, zafin ya sauka, ki sunkuya ki faɗa masa sunansa a kunne.

Goggonki,
Dudu